Amsa ga Kawu kan gidajen wankan ruwan zafi na Budafest

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Inna da sauran mutanen gida a Birnin Kebbi. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko da gaske ne mu Hausawan da ke zaune a ƙasar Hangari muna shiga gidajen wankan nan da ka gani a hoto, maza da mata a tafki ɗaya, da kuma ko ya dace kai ma ka gwada idan Allah ya kawo ka bikin kammala karatun ƙanena, tunda ciwon gwiwa ya matsa maka.

Da farko dai ruwan nan ba a wuta ake dafa shi ba. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa da zafinsa, kamar Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi, sai dai na nan ya fi zafi nesa ba kusa ba. Ɓawon ƙasa a wannan yanki bai da kauri, saboda haka zafin cikinta yana kusa, kuma ruwan da ya nutse cikin duwatsu yakan dawo sama ta tsagogin da ke bin gaɓar kogin Danub, ɗauke da sinadarai irin su kalsiyam da magniziyam da farar wuta. A birnin Budafest kaɗai akwai idanun ruwa irin waɗannan fiye da 100. Hoton da ka gani na gidan Széchenyi ne, wanda aka buɗe a 1913, yana da tafkuna 18, kuma rijiyoyin da ke ba shi ruwa suna fito da shi da zafin digiri 74 da 77 a ma'aunin Salsiyas, har sai an rage masa zafi kafin mutum ya iya shiga. Mutanen ƙasar ba wurin shaƙatawa kawai suka ɗauke shi ba. Likita yakan rubuta wa mai ciwon gaɓoɓi ko ciwon baya ya riƙa zuwa, inshorar lafiya ta gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin, shi ya sa da sassafe tsofaffi ne suka fi yawa a ciki.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne, mafi daɗewar gidajen da ke tsaye a yau Musulmi ne suka gina su. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato da Gwandu ba, ta riƙe birnin Buda, wanda yanzu ɓangare ne na Budafest, daga 1541 zuwa 1686, kuma a wannan zamanin ne aka gina gidan wanka na Rudas, lokacin da Sokollu Mustafa Pasha yake gwamnan birnin. Har yanzu ƙubbarsa tana nan a kan ginshiƙai takwas, da tafki mai kusurwa takwas a ƙarƙashinta, haske yana shigowa ta ƙananan tagogin da aka huda a jikin ƙubbar. Duk lokacin da na zauna a wurin nakan tuna cewa waɗanda suka aza tubalinsa masu alwala da sallah ne, kuma sun gina shi ne da sanin cewa maza da mata ba sa haɗuwa a wanka.

To, a nan ne maganar mu take. Ba zan ɓoye maka ba, Széchenyi a gauraye yake kullum, kuma kayan da ake sawa a can ba su kai abin da kai ko ni za mu kira sutura ba. A daren Asabar ma akan mayar da shi wurin kiɗa da shan giya. Akwai yaranmu ɗalibai da ke zuwa da rana tare da abokan karatunsu, kuma mu manya ba mu daina yi musu magana ba, ko da yake a ƙasar da ba taka ba nasiha kaɗai kake da ita. Akwai kuma dattawa a cikinmu da suka rufe babin gaba ɗaya, suna cewa abin da kake shakka a kansa barinsa ya fi, kuma ba wanda ke ganin laifinsu. Amma mafi yawan magidanta sun tsaya ne a kan abin da kai da kanka ka karantar da mu a zaure daga Risala, cewa namiji ba ya shiga gidan wanka sai da gyauto, mace kuma ba ta shiga sai da lalura. Wannan hukunci an rubuta shi ne a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya fiye da shekara dubu da suka wuce, a garin da ya san gidajen wanka na jama'a, kuma mun same shi ya yi daidai da halin da muke ciki kamar don mu aka rubuta.

Saboda haka Rudas muke zuwa, domin ɓangarensa na Turkawa bai bar tsohuwar al'ada duka ba. Ranar Talata ta mata ce su kaɗai, wasu ranakun mako na maza ne, Asabar da Lahadi kuwa a gauraye, don haka ba ma zuwa. Sukan sauya jadawalin lokaci zuwa lokaci, shi ya sa ba wanda ke fita daga gida sai ya duba. Ko a ranar mazan ma sai mutum ya yi hattara, domin al'adarsu ita ce a ba ka wani ɗan ƙyalle da kake ɗaurawa a ƙugu, wanda gaba kawai yake rufewa. Mu ba ma amfani da shi. Kowa yakan zo da wandon ninƙaya da ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, na yadin da aka yi don ruwa, sannan ya kiyaye idonsa, ya zaɓi safiya kafin a cika. Matanmu da ke fama da ciwon baya ko na ƙafa sukan haɗu su tafi tare ranar Talata da kayan ninƙaya masu rufe jiki. A ganina wannan matsaya ita ce daidai, domin ba ta hana mara lafiya amfanin da Allah ya ajiye a ruwan ba, kuma ba ta sa mun zubar da kunyar da aka rene mu da ita ba.

Tsarin shiga ba shi da wuya. Idan ka biya, za a ba ka wani abin ɗaurawa a hannu mai kama da agogo, shi ne mabuɗin akwatin ajiyarka, kuma gara ka ƙara kuɗi kaɗan ka karɓi ɗan ɗakin sauya kaya don kada ka tuɓe a gaban jama'a. Za ka zo da tawul da silifas. Sai ka wanke jikinka da sabulu a shawa kafin ka shiga, domin tafkin na jiƙa jiki ne, ba na cuɗa ba. Ba a shiga da yaro ɗan ƙasa da shekara 14.

A Rudas, tafkin tsakiya digiri 36 ne, ƙananan da ke kusurwoyi kuma sun kama daga 28 zuwa 42. Ka san yadda Birnin Kebbi take a watan Afrilu da tsakar rana; to, wancan na 42 haka yake, sai dai shi a cikinsa kake zaune har wuya. A hankali ake bi daga mai sauƙi zuwa mai zafi, ba a daɗewa a zama ɗaya, ana fita a huta a sha ruwa. Warin farar wuta zai ɗan dame ka da farko, amma ba ƙazanta ba ce, daga ƙasar da ruwan ya ratso ne. Game da gwiwarka, abin da masu zuwa ke samu shi ne sassauci: zafi yana sakin jijiyoyi, ruwa yana ɗauke nauyin jiki daga kan gaɓa, mutum ya iya miƙe ƙafa ba tare da azaba ba. Ba ya mayar da gaɓar da ta zaizaye, kuma zuwa ɗaya ko biyu ba zai maye gurbin maganinka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hawan jinin da kake shan magani a kansa, domin ruwa mai zafi yana buɗe hanyoyin jini, yana iya kawo jiri ko ya wahalar da zuciya. Don Allah kafin ka taso ka ga likitanka, ka faɗa masa zafin ruwan kamar yadda na rubuta, ka ji ko ya yarda da kuma minti nawa. Idan ya amince, ka aiko mini da ranar isowarka don in duba wace safiya ce ta maza a makon, ni da ƙanena mu raka ka. Wandon ma kada ka wahalar da kanka nema a kasuwa, zan saya maka a nan.

A gaishe mini da Inna da kowa da kowa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kawo ka cikin aminci.