Amsa ga mai tambaya kan Baba da tramadol

Malama kin ce Baba na shan tramadol saboda ciwon gwiwa, kwanan nan kuma barcinsa ya yi nauyi har da wani munshari, ko abin damuwa ne? Eh to, ki sa ido sosai. Ƙodar tsoho ba ta fitar da magani da sauri kamar ta yaro, sai ya taru a jiki, ga mantuwa, ya sha da asuba ya manta ya ƙara da hantsi. Ki karɓi maganin ki riƙa ba shi da hannunki, kuma don Allah kar a haɗa masa da maganin barci irin su diazepam, ko kodin, wannan haɗin ne ke tsayar da numfashi.

In kin tashe shi ya ƙi tashi, numfashi jefi-jefi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, leɓe ya yi duhu, to ba barci ba ne. Kar a ɗura masa madara ko manja kamar yadda aka saba, shaƙewa zai yi. Ku kwantar da shi a gefe ɗaya, ku ruga asibiti da kwalin maganin, ku ce a ba shi naloxone, allurar da ke karya ƙarfin magunguna irin su tramadol a jiki. Tana aiki cikin minti 2 zuwa 3, amma ƙarfinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, ko ya farka kar ku yi saurin dawowa gida.