Tambaya da Amsa: Wane madubi zan ɗora wa bindigar farautata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni manomi ne a ƙasar Gwaram, da rani nakan taɓa farauta, yawanci zabi da zomo, wani lokaci fakara. Ina da bindiga ƙirar .22, mai ƙaramin harsashi, da lasisinta. Idona ya fara gajiya da saitin ƙarfe, shi ne na yi niyyar sa mata madubin saiti mai zuƙo abu. Mai sayarwa ya nuna mini guda uku: 4x32, da 3-9x40, da 6-24x50. Ya ce na ƙarshen shi ne na manya, da shi har ƙudan da ke kan zabo zan gani. Amma sai na sayar da akuya kafin kuɗinsa su cika. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Bar akuyarka a turkenta. A cikin ukun nan ɗauki 3-9x40, in kuma aljihu bai kai ba, 4x32 ya ishe ka har tsufa. Mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba, za ka ga ƙudan. Sai dai bai gaya maka abin da madubin zai ɓoye maka ba, kuma a nan maganar take.

Mu fara da lambobin. Wadda ke gaban alamar x ita ce yawan zuƙowa. Madubi mai 4 yana jawo abu sau huɗu, wato zabon da ke mita 60 za ka gan shi kamar yana mita 15. In an rubuta 3-9, akwai zobe ta wajen ido da kake murzawa daga 3 har zuwa 9. Lambar da ke bayan x kuwa faɗin gilashin gaba ce da milimita, ta nan haske yake shiga. Iyakar karatun ke nan.

To, a wace tazara kake harbi? Kada ka ba ni amsa da ka. Ranar da ka sake fita, in ka kayar da zabo, ƙirga taku daga inda ka durƙusa zuwa inda ya faɗi. Na yi wannan ƙirgen shekara da shekaru a gonakin da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma da wuya nake wuce taku saba'in. Dajinmu sabara ce da kargo da tarin kara, ba fili ba ne fetal. Ita ma bindigarka tana da iyakarta. Harsashin .22 da aka saita a mita 50, kafin ya kai mita 100 ya sauka ƙasa da kusan santimita 15, ga kuma iskar hunturu tana ture shi gefe. Madubi mai 24 zai nuna maka zabo a mita 200 tar, ya kwaɗaita maka harbin da bindigar ba za ta iya cikawa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙarshenta ka karya wa tsuntsu ƙafa ko fiffike ya shige ƙaya ya mutu a banza, ba kai ba nama, ga alhaki. Irin 6-24x50 an ƙera shi ne don masu manyan harsasai da ke harbi daga ɗaruruwan mitoci, bindiga a ɗore kan tebur ko kan ƙafafun ƙarfe.

Duk lokacin da ka ƙara zuƙowa, filin da kake gani yana tsukewa. A lamba 3, in ka duba wuri mai nisan mita 100, kana ganin faɗin mita 11 zuwa 12. A lamba 9 ya koma kamar mita 4. A lamba 24 bai kai mita 2 ba. Dawo da shi mita 40, inda zabi suke kiwo, a lamba 24 abin da ke cikin madubinka bai kai faɗin tabarmar sallah ba. Duk abin da ke hagu da dama da wannan ɗan da'irar, ya fita daga duniyarka.

Ba a takarda na koyi wannan ba. Wata shekara bayan an gama girbin dawa, na ari madubi mai zuƙowa har 12 a wurin wani abokina, ina ta murna da shi. Na fita bayan sallar asuba, na laɓe a gindin wata aduwa. Gari na fara wayewa sai ga zabin daji sun fito daga sabara suna tsintar hatsin da ya zube. Na murza zoben har ƙarshe. Wallahi ban taɓa ganin zabo haka ba: zanen jikinsa ɗigo-ɗigo, jan leɓen nan na gefen baki, har lumshe idonsa ina gani. Na yi bismilla, yatsana ya hau kunama, ina jira ya ɗaga kai. Sai kawai garken ya tashi fir! Na ɗago kai, raina a ɓace, don in ga me ya kore su. Yarinya ce 'yar Fulani, ba za ta wuce shekara goma ba, da ƙwaryar nono a ka, tana bin wata 'yar hanya da ta ratsa ta bayan zabin. Tsakaninta da layin bakin bindigata bai fi taku biyar ba, kuma can ta nufa. Da ta iso kusa ta rusuna ta ce, "Ina kwana Baba." Na buɗe baki amsa ta ƙi fita. Na zauna a gindin aduwar nan gwiwoyina suna rawa har rana ta ɗaga. Da madubin yana kan 3 ko 4, da na gan ta tun tana shigowa. A ranar na mayar wa mai shi kayansa.

Ka riƙe wannan, ɗana, domin dajinmu ba kango ba ne. Akwai makiyaya, akwai mata masu itace, akwai yara masu tsince a gona. Harsashin .22 da kake rainawa yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma in ya bugi fako yakan yi tsalle ya canza hanya. Saboda haka kafin ido ya shiga madubi, duba bayan abin da za ka harba da idonka biyu. Kuma kada ka mai da madubin bindiga abin leƙen daji. In ka ji motsi a sabara ka ɗaga bindiga don ka ga mene ne, ka riga ka auna shi ke nan, ko da mutum ne. In kuɗi sun ragu, gara ka sayi ƙaramin madubin hange na hannu mai ido biyu, irin 8x30, ka rataya a wuya.

Akwai kuma rawar hannu. Madubi ba ya bambanta abin da zai zuƙo: yadda ya ƙara girman zabo sau 24, haka zai ƙara rawar hannunka da bugun zuciyarka sau 24. Ka sha tafiya, kana haki, ka durƙusa a kan kunya, sai ka ga gicciyen saitin yana yawo daga kan tsuntsu zuwa wutsiya. Mutum yakan ƙagu ya fizgi kunama lokacin da gicciyen ya gifta, kuma wannan fizgar ce take kai harsashi daji. A lamba 4 rawar tana nan, amma ba ta firgita ka, sai ka matsa a hankali. Zomo kuwa ba sai na faɗa ba. Wanda ya tashi daga gindin kargo a taku ashirin, kafin ka nemo shi a cikin lamba 12 ya kai garinsu.

Zafinmu ma ba ya shiri da babbar lamba. Daga watan Maris zuwa Mayu, da hantsi ya yi, ƙasa takan fara tururi, kawalwalniya ta tashi. A ƙaramar lamba da kyar za ka lura da ita. A babba sai ka ga abin da kake auna yana ninƙaya kamar a cikin ruwa. Hazon hunturu shi ma haka, madubi ba ya huda ƙura, girmama ta yake yi.

Sai maganar haske, wadda ta shafe ka tunda ka ce ido ya fara gajiya. Riƙe madubin nesa da fuskarka kamar tsawon hannu, ka fuskanci wuri mai haske, za ka ga wani ɗigon haske a gilashin baya. Faɗinsa shi ne lambar gilashin gaba a raba da lambar zuƙowa. A 4x32 milimita 8 ne. A 3-9x40 in yana kan 6 ya kusa 7, in yana kan 9 ya ɗan haura 4. A 6-24x50 in ka kai shi ƙarshe, milimita 2 da 'yan kai ne kacal. Ƙwayar idon saurayi tana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu, ta dattijo irina takan tsaya wajen 5. Da asuba da kuma gab da magariba, lokacin da zabi da zomaye suka fi fitowa, ɗigon milimita 2 duhu zai ba ka, kuma kanka na ɗan gocewa hoton ya ɓace.

In ka sayi 3-9x40 ɗin, ga yadda nake yi da nawa. Ranar saiti nakan kafa kwali a jikin suri ko gaɓar rafi, inda harsashi zai nutse, a mita 50. In ɗora bindiga a kan buhun yashi, in murza zuwa 9, in yi harbi uku-uku ina gyarawa har su taru a wuri ɗaya. Daga nan in mayar da zoben kan 3 ko 4, a nan yake kwana, a nan yake tashi. Ba na ƙarawa sai abu yana tsaye cik, ni ma ina da abin jingina, kuma na riga na duba bayansa. Da na gama in mayar. Ka tambayi mai sayarwa ko madubin na .22 ne, domin irinsu tun daga masana'anta an daidaita ganinsu a wajen yadi 50, na manyan bindigogi kuwa a yadi 100. Kada kuma ka yi rowa wajen ƙarafan da ke riƙe shi. Madubi mai kyau a kan mariƙi mai sassautawa, kullum cikin ɓata harsashi kake.

Na ji daɗi da ka ambaci lasisi. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin bindigarka a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, saboda haka kada ka bari takardar ta mutu. Dajin Falgore da dausayin Baturiya kuwa wurare ne da aka killace, ba a shiga da bindiga, da madubi ko babu.

TAMBAYA: Baba, bindigar iska gare ni, irin wadda ake karyawa a ɗana. Madubi biyu na sa mata, duk ba su yi wata guda ba saitin ya watse, na biyun ma har wani abu yake kaɗawa a ciki. Sammu ne ko jabu ake sayar mini? Daga mai karatu a Kafin Hausa.

AMSA: Ba sammu ba ne, ɗana, halin bindigar ne. Irin wannan tana da sifirin mai ƙarfi a ciki. In ka harba takan yi naushi baya, nan take kuma ta yi wani gaba lokacin da fistin da ke tura iska ya kai ƙarshe. Yawancin madubai an gina su ne don naushin baya kawai, shi ya sa na gaban yake kwance musu gilashi. Nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana jure bindigar iska mai sifirin, kuma 4x32 marar zobe ya fi daɗewa don ba shi da kayan ciki da yawa. Mariƙin ya zama mai ɗan ƙusa da ke shiga rami a bayan bindigar don kada ya riƙa zamewa. Kurciya da hasbiya a mita 20 zuwa 30 kake harbi, a nan za ka yi saitinka.