Filin Tambayoyin Masu Mota: Corolla ta ce ke shan mai ko lissafin ne da gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina da Corolla 2006 'yar Kwatano, kuma wallahi tun da aka cire tallafin mai a 2023 motar nan ta zame min ƙarfen ƙafa, in na sha na dubu 20 ko sati ba ya yi min. Bakanikena ya sa na canza fulogi, an wanke nozul, yanzu kuma wai burenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Sai ɗana ya ce mu gwada, muka cika tanki ya mayar da ƙaramar lambar nan ta gaban sitiyari sifili, da ta kai 200 muka koma muka sake cikawa, ta sha lita 32. Ya ce kilomita 6 kenan a lita ɗaya. Don Allah sayar da ita zan yi ko yaya?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kar ki sayar tukuna, kuma kar ki ba kowa kuɗin burenbos sai kin leƙa agogon gudun motar kin ga abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe, MPH ne ko km/h. Galibin Corollar wannan shekarun da ke shigo mana ta Kwatano daga Amurka suke, su kuma can da mil suke awon tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. In taki irin wannan ce, to 200 ɗin nan da ɗanki ya gani kilomita 320 ce, ki raba da 32, kilomita 10 kenan a lita. Motar da ta kusa shekara 20, injin 1.8, tana yawon cikin gari tsakanin Samaru da Sabon Gari da goslo da tsaye-tsaye, ni dai ban ga laifinta ba. Kuɗin man ne ya tashi, daga ƙasa da naira 200 lita kafin 29 ga Mayun 2023 zuwa abin da kowa ya sani yau, shi ya sa kullum nake cewa a daina cewa na sha na dubu kaza, naira ba ma'auni ba ce, lita ake ƙirgawa.

Amma ki gaishe min da yaron nan, hanyar da ya bi ita ce hanyar, sauran ɗan gyara ne kawai. Ki riƙa zuwa gidan mai ɗaya, in da hali ma famfo ɗaya, ki ce a cika, da zarar bakin famfon ya yi ƙas ɗin farko a tsaya, banda jijjiga mota ana ɗura mata har wuya don wannan shi ke ɓata lissafi. Ki ajiye ɗan littafi a mota, ai ke malama ce biro ba zai gagare ki ba, kwanan wata, lita nawa, lamba nawa, da irin tafiyar da aka yi, cikin gari ne ko an je Kaduna an dawo. Awo ɗaya ba ya nuna komai, ki yi kamar sau huɗu ko biyar sannan ki haɗa duka tafiyar ki raba da duka litar. Na san cika tanki mai lita 50 a wannan marrar ba wasa ba ne, to ba sai ya ƙare ba, kina iya cikawa duk lokacin da ya sauka zuwa rabi, tsadar ta karon farko ce kawai, daga nan abin da kika ƙona shi za ki mayar.

Allurar geji kuma ki rabu da ita, tana daɗewa a sama sannan ta gangaro da gudu daga rabi saboda tanki ba murabba'i ba ne, mutane da yawa a nan hankalinsu ke tashi. Wani amfanin littafin ma, in kullum kina samun 10 sai ranar da kika canza gidan mai kika ga 8 alhali tafiyar iri ɗaya ce, to wataƙila an taɓa lita a can, ba sai kin yi faɗa da kowa ba, ki daina zuwa kawai.

In kuwa kin duba kin ga da kilomita take ƙirgawa, 6 ɗin gaskiya ne, to akwai matsala. Nan ma ba burenbos ake fara zargi ba, a jona mata kwamfuta a ga me take faɗa, musamman sansar da ke jikin salansa mai auna iskar hayaƙi, in ta mutu injin sai ya yi ta watsa mai ba lissafi. A duba ko birki na kamawa, sannan ki tambayi bakaniken ko tamostat ɗinta na nan. Dalilin yana cikin amsar da ke ƙasa.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Direban haya ne ni, Sharon nake ja Jos zuwa Abuja. Mu dai a tasha abin da muka taso muka gani shi ne a gangara a saki firi, wato a fitar da mota daga giya, don a rage shan mai, kuma duk motar da ta zo sabuwa a cire tamostat a haɗa fanka dairek saboda zafin ƙasarmu. Wani fasinja ya ce min duk asara muke, har muka yi musu. Ka raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa, haƙuri za ka yi, fasinjanka ya fi ka gaskiya a duka biyun. Sakin firi gadon zamanin kafireto ne, lokacin Fijo 504, iyayen gidanmu a kai suka koya kuma a lokacinsu da ɗan abin kamawa. Motar injekta kuwa in tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur tana gangarawa, burenbos yanke mai yake yi gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Kai kuma da ka sa firi dole ta ci gaba da shan na silo, wato ɗan man da ke riƙe inji in ba a taka totur ba, don kar ta mutu, ka ga kenan ka kashe mai a inda kyauta ake tafiya. Wannan ma duk mai sauƙi ne, kai da ke saukowa ta Hawan Kibo da mutane cike da mota da kaya har saman but, ka bar wa birki shi kaɗai wannan nauyin, in ya yi zafi ya saki wa za ka gaya wa? Don Allah ka daina.

Tamostat kuma, an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 90, shi tamostat aikinsa ya tare ruwa har injin ya kai nan sannan ya buɗe ya tafi lagireto. In an cire, sansa za ta yi ta gaya wa burenbos har yanzu da sanyi, shi kuma ya yi ta ƙara mai kamar wanda aka ja wa cok, abin ƙara mai in inji na sanyi, aka manta, balle kai da ke tashi da asuba a Jos lokacin hunturu. Fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya tsinke da wuri, duk daga nan ne. Motar da ke zafi tana da dalili, ko lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji ko fanka, cire tamostat rufe ciwo ne da tsumma. Ka mayar, ka yi awon da na gaya wa Hajiya a sama, kai naka ma ya fi sauƙi tunda hanya ɗaya kake bi kullum, sawu biyar kafin gyara sawu biyar bayan gyara, sai ka rubuto mana abin da ka gani.

Ƙari biyu tunda sana'arka ce. Iskar taya a auna ta da safe kafin a hau titi, adadin yana rubuce a jikin motar, a ginshiƙin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, kar ka bar mai faci ya buga wa taya ƙarfe ya ce ta yi. Sai gudu, daga kilomita 80 zuwa sama iska ce kake turewa da kuɗinka, mai tafiya a 130 don ya riga abokinsa layi a tasha a gidan mai yake biyan bambancin.

TAMBAYA: Malam da gaske ne in an sha mai da sassafe ya fi auki? Sannan esi da sauke gilashi wanne ya fi? Daga ɗalibinka a Sakkwato.

AMSA: Ƙanena, tankunan gidan mai a binne suke a ƙasa, zafinsu safe da rana kusan ɗaya ne, abin da za ka samu bai kai barcin da za ka katse ba. Esi kam yana sha, ya fi nunawa a gajeriyar tafiya cikin gari in mota ta gasu a rana, don haka ka fara sauke gilasai zafin ya fita na minti biyu sannan ka kunna. A babban titi kuma rufe gilashi da esi ba laifi. Abin da ya fi cin ku samari shi ne zama a mota a tsaye ana hira da esi a kunne, awa ɗaya tana iya lashe lita ɗaya zuwa biyu ba a je ko'ina ba. Ni dai ba zan ce wa mutumin Sakkwato ya kashe esi a watan Afrilu ba, ka nemi inuwar dalbejiya ka faka.