Wace na'ura ake buƙata don binciken sukarin da ke jikin furotin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halittu. Ina so in yi bincike kan sukarin da ke manne da furotin a jajayen ƙwayoyin jinin shanu masu cutar sammore. Ɗakin gwajinmu ba shi da manyan na'urori. Me ya zama dole in samu, ko kuwa in sauya batu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kada ki sauya batu. Wannan fage ne da masananmu suka daɗe suna nomawa. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009 saboda aikinsa kan enzayim ɗin siyalidas na ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa. Enzayim ɗin, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai, yana yanke wani sukari mai suna siyalik daga bayan jajayen ƙwayoyin jini, sai saifa da hanta su ɗauke su tamkar tsofaffi su lalata su, dabba ta shiga ƙarancin jini.

Sai dai ki san cewa sukari ya fi furotin wuyar sha'ani. Gulukos da galaktos da mannos, ire-iren sukari uku, nauyinsu ɗaya ne, 180, don haka na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari ba ta rarrabe su ita kaɗai. Sarƙarsu tana yin rassa, kuma ba a iya kwafar ta a yawaita ta kamar yadda ake yi wa DNA. Abin da kika fitar daga samfurinki shi ne duk jarinki. Ga shi ire-iren sukarin ba sa shan hasken da yawancin na'urori ke karantawa, sai an liƙa musu wani sinadari mai ƙyalli.

Matakin farko ba ya buƙatar dukiya. Da na'urar juya samfuri mai sanyi, da ma'auni mai kyau, da na'urar auna launi, za ki yi nisa. Hanyar Dubois ta 1956, wadda ake haɗa fenol da ruwan asid na salfa, tana ba da jimillar sukari idan an saita hasken na'urar auna launi a nanomita 490. Hanyar Warren ta 1959 kuma tana auna siyalik a nanomita 549, kuma ita ce ta fi dacewa da tambayarki. Ki ƙara da kayan raba furotin a kan jel, da 'yan lektin, wato furotin na tsirrai da kowannensu ke kama irin sukarinsa. Idan siyalik ya tafi, galaktos ɗin da ke ƙarƙashinsa yana bayyana, kuma lektin ɗin gyaɗa yana iya nuna miki hakan.

Inda nake son ki tsaya ki yi tunani shi ne mataki na biyu, domin a nan ne nake ganin ya kamata sashe ya zuba kuɗinsa: na'urar HPLC, wadda ke ware sinadaran da ke gauraye a cikin ruwa, mai idon gano ƙyalli. Shanu suna da siyalik iri biyu, Neu5Ac da Neu5Gc, alhali jikin ɗan Adam na farkon kawai yake haɗawa. Hanyar Warren tana haɗe su wuri guda. Amma idan kika sako su da asid mai sauƙi a zafin digiri 80, kika liƙa musu sinadarin DMB mai ƙyalli, HPLC za ta ware miki su ɗaya bayan ɗaya. Haka nan za ki iya yanke sarƙoƙin da enzayim ɗin PNGase F, ki yi musu alama da 2-AB, wani sinadarin ƙyallin, ki ga fasalinsu. Wataƙila akwai irin wannan na'ura a sashen harhaɗa magunguna na jami'arku. Ki je ki tambaya, ki duba ko tana da idon ƙyallin.

Manyan na'urori kuwa, irin su MALDI-TOF da GC-MS da NMR, su ne ke faɗin yadda sukarin ke ɗaure da juna. Ba na ba ki shawarar ki jira su. NMR tana shan ruwan iskar hiliyam da na naitirojin ba fashi, kuma tana son samfuri mai yawa mai tsabta. Ana aika samfuri ne. Cibiyar binciken sukari ta CCRC a Jami'ar Jojiya a Amurka, wadda aka kafa a 1985, tana karɓar irin wannan aiki da kuɗi, tana kuma horar da masu bincike. Ki rubuta musu ta hannun malamin da ke duba aikinki kafin ki ɗebi jini, domin samfurin dabba yana buƙatar takardun izinin shiga ƙasa.

Abin da ya fi kashe irin wannan bincike a wajenmu shi ne matsalar wutar lantarki da ta ruwa. Firijin da ke narkewa yana sake daskarewa yana lalata samfuri, kuma siyalik yana saurin zubewa da zafi ko tsami. Ki raba samfurinki ƙananan kaso, ki busar da shi a na'urar busarwa cikin sanyi idan akwai. Ki yi amfani da tataccen ruwa mai megawom 18.2 (ma'aunin tsabtar ruwa), da safar hannu marar hoda. Hodar sitaci ce, zaren takardar goge hannu kuma selulos ne, dukkansu gulukos za su nuna miki wanda ba na saniya ba. Saboda haka a kowane gwaji ki saka kwalba ɗaya da ba samfuri a ciki, da wata mai furotin fetuwin na jinin ɗan tayin saniya, wanda an riga an san sukarinsa.