Alwala, Salla da Azumin Mai Sanye da Gilashin Cikin Ido

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce, ina zaune a Zariya. Shekara uku da suka wuce na sha wani maganin zazzaɓi, jikina ya ƙi shi, fatata ta saɓule, bakina da idanuna suka yi gyambo. Allah ya tashi kafaɗuna, amma tun daga lokacin idanuna suka bushe, kullum kamar an watsa mini yashi. Wata huɗu ke nan da likita ya ba ni wani gilashi mai faɗi da ake cika shi da ruwan gishiri na asibiti a ɗora a kan ƙwayar ido, sunansa sikileral. Na ji daɗinsa da farko, amma yanzu kafin azahar ya fara yi mini zogi, ganina ya koma dishi-dishi. Surukata ta ce alwalata ba ta yi ba tunda ruwa ba ya shiga idon, wai daidai yake da jan farce. Shi ya sa nake cire shi duk salla, in ɗauraye a famfo in mayar. Ta kuma ce in riƙa cika shi da zamzam, in koma sa kwalli. Ga azumi ya matso, kuma in na ɗiga magani ina jin ɗacinsa a maƙogwaro. Malam, mene ne hukuncin alwalata da sallata da azumina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa wannan ciwo ya zama kaffara.

Kafin mu shiga hukunci, ki daina ɗauraye gilashin nan a famfo daga yau. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Da na karanta, sai da na zauna da wani likitan ido da nake girmamawa, don kada in yi miki fatawa a kan abin da ban fahimci yadda yake aiki ba. Gilashin ba ya taɓa baƙin ido. Gefensa ne ke zama a kan farin ido, tsakiyarsa ta yi rumfa, ruwan da aka zuba ya kwanta tsakaninsa da baƙin idon wuni guda. Duk abin da ya shiga wannan ruwa an kulle shi ke nan tare da ido na awanni. A ruwan famfo da na rijiya da na tanki akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci na ce mata akantamiba. Mai shan ruwan ba ta cika damunsa ba, amma in ta sami baƙin ido mai rauni irin naki, ciwonta kan ɗauki watanni ana magani, kuma tana makantarwa. Kin ga ashe abin da kike yi don gyara alwala shi ne ke neman raba ki da ganinki.

Alwalarki ingantacciya ce da gilashin a idonki. Allah Maɗaukaki ya ce a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida a wanke fuska, fuska kuwa ita ce abin da ke bayyane. Cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa, a alwala ko a wanka, kuma a kan haka mazhabobi huɗu suka tafi. Ɗalibin ilimi zai iya cewa ai ya zo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan yayyafa ruwa cikin idanunsa in yana wankan janaba. Haka ne. Amma tsananin tsantseninsa ne shi kaɗai, Imamu Malik da ya ruwaito shi bai ce a yi aiki da shi ba, kuma cikin sahabban da suka siffanta alwalar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, babu wanda ya ce yana buɗe ido ya zuba ruwa.

Kwatancen da surukarki ta yi da jan farce bai hau ba. Farce yana cikin hannu, hannu kuwa wajibi ne ruwa ya game shi, don haka duk abin da ya yi masa shamaki ya hana alwala. Gilashinki ya rufe wurin da dama ba a ce ruwa ya kai ba. Ki faɗa mata haka cikin ladabi, uwa ce, kuma tsoron kada sallarki ta ɓaci ne ya sa ta magana.

Ga yadda za ki yi. In kin zo wanke fuska, ki rufe idanu, ki kai ruwan da tafin hannu a hankali maimakon watsawa, ki bi bayan fatar ido da lungunan ido da yatsa ba tare da dannawa ba. In akwai kwantsa da ta bushe a gefen ido ki cire ta, don ita kam tana hana ruwa taɓa fata. Ki goge fuska da tsumma mai tsabta kafin ki buɗe ido, goge ruwan alwala ba laifi ba ne. Wanki ɗaya da ya game fuska ya isar, na biyu da na uku ƙarin lada ne, kuma mai larura in ya tsaya a ɗaya bai rage komai daga farilla ba. In kin iya riƙe alwala, ki sallaci azahar da la'asar, ko magariba da lisha, da alwala ɗaya. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa ranar buɗe Makka Annabi ya yi salloli da alwala guda, da Umar ya tambaye shi sai ya ce da gangan ya yi. Wanka kuwa, na tsarki ko na sabulu, ki yi shi kafin ki sa gilashin ko bayan kin cire, saboda ruwa yana kwarara daga kai. Wannan kariya ce ga ido. Da za ki yi wankan tsarki da shi a ido, wankan ya yi.

Maganar zamzam tana buƙatar a yi ta a tsanake, don na san yadda zukatanmu suke game da shi. Zamzam ruwa ne mai albarka, ki sha, ki roƙi Allah waraka lokacin sha. Amma wanda ke gidajenmu ya yi tafiya a jarka, an buɗe, an zuba a kwalba, an ajiye wata da watanni, wani ma an gauraya shi da ruwan gida don ya yi auki. Albarkarsa ba ta sa ya zama ruwan da aka tace aka kashe wa ƙwayoyin cuta ba. Kada ki zuba shi cikin gilashin, haka ruwan rubutu, ruwan tofi, ruwan leda, balle yawu. In ana so a yi miki addu'a, a tofa a hannu a shafa a kan rufaffen ido. Kwalli kuma, hadisan da suka kwaɗaitar da shi don amfanin ido suka zo. In ya zama garinsa zai shiga ƙarƙashin gilashi ya goge baƙin ido, barinsa ne bin manufar sunnar, ga shi kuma yawancin kwallin kasuwanninmu akwai dalma a ciki. Ƙa'idar da Malik ya ruwaito ita ce ba cuta ba cutarwa.

Sa gilashin kansa magani ne, bai shafi canza halittar Allah ba. Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. In an halatta wannan don gyara hanci, ina ga abin da asalinsa halal ne, aka sa don tsare gani?

Salla ba ta da wuya. Ruwan da ke gangarowa daga ido, hawaye ne ko magani, mai tsarki ne, ba ya karya alwala. Rufe ido a salla makaruhi ne in babu dalili, ke kuwa kina da dalili. Ki share kumatu da gefen hijabi in ya dame ki, motsi kaɗan ne, amma kada ki murza idon. Ki kauce wa saitin fanka, ki kaɗe dardumarki, musamman da hunturu.

Azumi ne ke da saɓani na gaske, kuma ba zan ɓoye miki shi ba. A lungun ido ta wajen hanci akwai wata 'yar ƙofa da hawaye ke bi su sauka hanci, daga nan zuwa maƙogwaro. Shi ya sa mai kuka yake jan majina, shi ya sa kuma kike jin ɗaci. Malamanmu Malikawa sun lura da wannan tun da daɗewa. Abin da ya shahara a mazhaba, kamar yadda Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar, shi ne abu mai ruwa in ya isa maƙogwaro yana karya azumi ko da ta hanci ko kunne ko ido ya bi, sai a rama, babu kaffara. Sun kuma ce in bai isa ba babu komai, haka in da dare aka sa sannan ya sauko da rana. Hanafawa da Shafi'awa kuwa suna ganin ba ya karyawa ko an ji ɗanɗano, domin ido ba ƙofar ci da sha ba ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa maganin ɗigawa a ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar mutum bai haɗiye abin da ya sauko maƙogwaronsa ba.

Abin da na rinjayar a mas'alarki shi ne ba ya karyawa. Ɗigo ɗaya kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na ƙaramin cokalin shayi, wani sashensa kuma yakan gangaro kumatu. Abin da ke kaiwa maƙogwaro bai kai damshin da ke saura a baki bayan kurkurar alwala ba, wannan kuwa kowa ya yarda an yafe shi. Sannan ciwonki ba na mako guda ba ne. In na ce ki rama duk ranar da kika ji ɗaci, ranar ramuwar ma sai kin ɗiga, kin ga na ɗora miki bashin da ba ya biyuwa, alhali Allah ya ce a cikin ayoyin azumin kansu, Baƙara aya ta 185, yana nufin sauƙi gare ku, ba ya nufin tsanani.

Duk da haka akwai dabarar da za ta fitar da ke daga saɓanin. In kin ɗiga, ki rufe ido, ki ɗora yatsa a lungun da ke kusa da hanci ki ɗan danna na minti ɗaya zuwa biyu. Ƙofar ta toshe ke nan, maganin ya daɗe a inda ake bukatarsa, ɗacin ya ragu ko ya ɓace. Likitoci ma haka suke koyarwa, don amfanin idon. In wani abu ya sauko duk da haka, ki tofar. Sa gilashin da rana, ko cire shi a sake masa ruwa in ya yi hazo, bai taɓa azumi ba. Sai dai ki lura da barcin rana na watan azumi, ba a barci da shi ko na rabin awa. In kuma kin sa shi tun sahur, zuwa lisha ya daɗe ƙwarai, ki cire ki huta, ki yi asham ɗinki a ɗaki. In likita amintacce ya ce ƙishin azumi yana ƙara wa idon lahani, ki sha ki rama lokacin da ya fi miki sauƙi.

Saura zogin da kika ce yana farawa kafin azahar. Mutanenmu sukan ce wa mai ciwo ya yi haƙuri, kuma haƙuri ibada ne. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Allah ya ce in ya jarrabi bawansa da masoyansa biyu, wato idanunsa, ya yi haƙuri, zai musanya masa da Aljanna. Amma haƙurin da ake nufi shi ne rashin fushi da hukuncin Allah. Zama da ciwon da ke da magani ba shi ne haƙuri ba, Annabi da kansa ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Gilashin da ya zauna daidai bai kamata ya yi zafi ba. In ya yi, akwai dalili, kuma yawancin dalilan ana gyara su. Wani lokaci kumfa ce ta maƙale a ciki lokacin sawa, saboda ba a cika shi taf ba ko ba a sunkuyar da fuska sosai ba, sai a cire a sake. Wani lokaci ruwan gishirin ne, in irin wanda aka sa wa sinadarin hana lalacewa ne yakan ƙona ido in ya kwanta a kansa, don haka ki tsaya ga wanda likita ya rubuta ko da ya fi tsada. Akwai ruwan wanke gilashi da sai ya yi awa shida kafin kaifinsa ya mutu, wanda ya yi gaggawa zai sha raɗaɗi. Man shafawa da turare da suka rage a yatsa ma suna shafar gilashin, ga hayaƙin itace da na turaren wuta. Ke kuma kin ƙara da cirewa da mayarwa sau biyar a rana da ruwan famfo, ba mamaki idon ya kumbura.

Yana yiwuwa kuma awon gilashin ne ke son gyara, domin yakan ƙara nutsewa bayan awanni, gefensa ya matse jijiyoyin farin ido. Ki koma wurin likitanki cikin makon nan, kada ki jira azumi ya kama. Ki je da gilashin a idonki bayan ya yi 'yan awanni, don ya ga yadda yake zama lokacin da zogin ke farawa, ki tafi da duk kwalaben da kike amfani da su, kuma ki gaya masa gaskiyar maganar famfo ba tare da jin kunya ba, don sanin hakan zai sa ya duba abin da ba lallai ya duba ba. Ki kuma riƙe sunan maganin da ya jawo miki wannan tun farko, ki faɗe shi duk inda za a ba ki magani. In kuwa ido ya yi ja, ko zafin bai lafa ba bayan kin cire gilashin, ko haske ya fara damunki fiye da da, ko gani ya ragu, kada ki mayar da shi, ki tafi asibiti a ranar, kuma wajibi ne maigidanki ya ba ki dama ya taimaka miki da abin da zai iya.

Wallahu a'alam.