Na sha kaye a jarrabawar ƙasusuwa: in janye daga kwas ɗin ko in ci gaba?

Tambaya: Malam, a Amurka nake zaune, ina aikin kula da tsofaffi da daddare. Bana na shiga kwalejin al'umma, irin ta shekara biyu, don in cika sharuɗɗan shiga karatun jinya. Kwas ɗin ƙirar jikin ɗan'adam kashi na ɗaya ya tsaya mini a wuya. Kullum sai na karanta littafin, na ja layi, na sake bi, amma a jarrabawar farko ta lab (ɗakin gwaje-gwaje), ta ƙasusuwa, maki 58 na samu. Abin haushin, da aka dawo mana da takardun na ga duk amsoshin na san su. In janye ne in sake a zango mai zuwa? Sannan na ji ana cewa za a sa mu feɗe ɗan alade, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Haɗa aikin dare da wannan kwas ba ƙaramin kaya ba ne. Amma kada ki janye tukuna, domin matsalarki tana da magani, kuma ke da kanki kika faɗi inda take: kin ga amsoshin, kin ce kin san su. Kin san su ne bayan an ajiye miki su a gaba. Hausawa suka ce gani ba ci ba.

Duba yadda ake yin jarrabawar. An jera tebura, a kan kowanne akwai ƙashi ko mutum-mutumin roba, an manna ɗan tef ko an soka allura a wani wuri. Ana ba ki minti ɗaya ko biyu ki rubuta sunan wurin, sai a ce kowa ya matsa gaba. Ba zaɓi tsakanin amsa huɗu, ba hoton littafi mai launi da kibiya, kuma sau da yawa ƙashin a kife yake ko a karkace. Ke kuwa abin da kika horar da kanki a kai shi ne kallon shafin da sunan yake rubuce a gefen hoton. Ido yana sabawa da shafin, zuciya ta ce ai na iya. Kamar mutumin da kullum ake kai shi wani gida a mota ne: ko'ina ya gani ya san shi, amma ranar da aka miƙa masa makulli sai ya rasa kwanar farko.

An gwada wannan a bincike. A shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan aka sa su rubuta abin da suka tuna ba tare da dubawa ba, sau da dama. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatun ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sai masu rubutawa daga ka suka wuce su. Abin mamakin shi ne masu maimaitawar sun fi kowa tabbacin cewa za su tuna.

Don haka ki juya tsarin. Karatun littafi ya zama ƙaramin kaso, babban kason ya tafi wajen tambayar kanki. Kusan kowace kwaleji tana da sa'o'in da ake barin lab a buɗe ba darasi, wasu kuma suna ajiye akwatin ƙasusuwa a laburare ko a cibiyar taimakon ɗalibai. A ganina sa'a ɗaya a can da ƙashi a hannu ta fi uku a gida da littafi. Ki tafi da jerin sunayen da malaminku ya raba, don daga cikinsa ake fitar da tambayoyi, ba daga littafin gaba ɗaya ba. Ki sami abokiyar karatu, ta nuna wuri da tsinke, ki rubuta sunan a takarda kafin ki buɗe baki, sannan ku yi musaya.

Ga misali da ƙashin damtse, wanda za ki ga an rubuta humerus. Ɗauke shi. A sama akwai kai mai santsi kamar rabin ƙwallo. Shi ne ke shiga allon kafaɗa, saboda haka dole ya fuskanci jiki, ba waje ba. A ƙasa, ta gefe ɗaya, akwai rami mai zurfi; nan ne tsinin gwiwar hannu ke faɗawa idan kin miƙe hannu, saboda haka ta baya yake. To riƙe shi kai a sama, ramin a baya, ki jingina shi da damtsenki. In kan yana kallon jikinki a hannun dama, na dama ne. Ba ki haddace komai ba, kin dai tambayi kowane tudu da kowane rami aikinsa. Haka za ki bi sauran: wurin da ya yi santsi mahaɗa ce da wani ƙashi, wurin da ya yi kaushi ko tudu tsoka ce ke kama shi, huda kuma hanya ce ta jijiyar jini ko ta laka. Babbar hudar da ke gindin ƙoƙon kai, foramen magnum, ta nan laka ke haɗuwa da ƙwaƙwalwa.

Adadin ƙasusuwan ma bai kai yadda yake tsorata mutane ba. Baligi yana da 206, amma 106 daga ciki suna tafin hannu da wuyansa da sawu: 27 a kowane hannu, 26 a kowace ƙafa. Gaɓoɓin yatsu kaɗai 56 ne, kuma tsarin sunansu ɗaya. Haƙarƙari 24. Ƙashin baya 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a kwankwaso, sai biyun ƙasa da suka narke suka haɗe. Inda ake zubar da maki shi ne ƙoƙon kai mai ƙashi 22, da hudodinsa da tsagoginsa, sai kuma tudu da ramukan dogayen ƙasusuwa. A nan ya kamata lokacinki ya tafi.

Sunayen daga Latin da Girkanci suke, kuma ɗan Amurkan da ke zaune kusa da ke bai tashi da su a gida ba. A wannan kam kanku ɗaya. Yawancinsu kwatance ne. Tsokar nan mai dogon suna, sternocleidomastoid, sunanta jerin wuraren da ta kama ne: ƙashin ƙirji, ƙashin da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa, da tudun da ke bayan kunne. Juya kanki hagu ki shafa gefen wuyanki na dama, za ki ji ta ta miƙe kamar igiya. Kin san farkonta, kin san ƙarshenta, kin kuma ga aikinta. Jikinki lab ne da kike yawo da shi, ko a wurin aiki. Sunkuyar da kai ki taɓa tudun da ke gindin wuya, ƙashin wuya na bakwai ke nan. Miƙa hannu tafi a sama, sannan ki kifa shi: cikin ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, wanda ke ɓangaren babban yatsa ne ya hau kan ɗan'uwansa ya gitta shi. Shi ya sa a tsayuwar da ake kwatanta komai da ita ake cewa mutum ya tsaya tafin hannu na kallon gaba, don a haka ne ƙasusuwan biyu suke a jere. Kuma dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Ɗalibai da yawa kan yi asarar maki a kan wannan kaɗai.

Rubutun sunan ma abin lura ne, shi ya sa na ce ki riƙa rubutawa. Harafi ɗaya ya raba ilium, faffaɗan ƙashin ƙugu, da ileum, ƙarshen ƙaramin hanji. Malamin da ya ƙi ba da maki a nan ba mugunta ya yi ba. Gobe a takardar majinyaci za ki rubuta.

Ban sani ba ko kun riga kun yi tishu, wato tarin ƙwayoyin halitta masu aiki ɗaya, waɗanda ake dubawa a madubin likita. In suna gaba, ki shirya, don da farko komai ruwan hoda ne da shuɗi-shuɗi, ba ki bambance wannan da wancan. Manyan nau'o'insu huɗu ne: mai shimfiɗa a saman jiki da cikin gaɓoɓi, mai haɗawa da tallafewa, tsoka, da na laka. A na farkon tambaya biyu ce kawai: layi ɗaya ne ko da yawa, kuma mene ne siffar ƙwayoyin da ke can sama. Layi ɗaya siriri shi ne a buhunan iska na huhu, don iska ta ratsa da sauƙi. Layi a kan layi shi ne a fata da baki da maƙoshi, inda ake gogayya. Kada ki haddace hoto ɗaya. Ki kalli gilasai daban-daban na tishu ɗaya, don wanda za a ɗora ranar jarrabawa da wuya ya zama wanda kika saba da shi.

Sai lokaci. Kwas ɗin kan zo da kiredit 4 (ma'aunin nauyin kwas), kimanin sa'a shida a mako tsakanin lacca da lab, kuma abin da aka saba gaya wa ɗalibai shi ne sa'a biyu a waje kan kowace sa'a ɗaya ta aji. Wajen sa'a goma sha biyu ke nan. Mai aikin dare ba za ta same su a dunƙule ba, kuma ba a so ma ta dunƙule su. Minti ashirin kafin fita, minti goma sha biyar lokacin hutu, a kati ko a manhajar waya irin Anki, sun fi zaman yini guda ranar Lahadi. Kada ki sayar da barci don karatu, domin cikin barci ne abin da aka koya yake zama. In bayanin littafinku ya yi miki nauyi, OpenStax na Jami'ar Rice suna da na wannan kwas kyauta a intanet. Wani lokaci jin abu daga baki na biyu ke buɗe shi.

Maganar janyewa kuwa da lissafi ake yanke ta, ba da ɓacin rai ba. Ɗauko takardar tsarin kwas da aka ba ku ranar farko. A ce jarrabawar lab huɗu ce, duka sun ɗauki kashi 40 cikin 100. Kowace goma ke nan, 58 ɗin nan maki huɗu da 'yan kai kawai ya ci miki. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, 90 A ce, 80 B, 70 C, kin ga ƙofar B ba ta rufe ba. Wasu malaman ma suna yar da jarrabawar da ɗalibi ya fi faɗuwa. Ki nemi ranar ƙarshe ta janyewa a kalandar kwalejin ki rubuta ta. In jarrabawa ta biyu za ta zo kafin ranar, ki yi ta da sabon tsarin, sakamakonta ya yanke miki hukunci.

In ta kai ga janyewa, ki san abin da ke biye da ita. Alamar W da ake sa wa wanda ya janye ba ta shiga matsakaicin makinki, amma ana lissafa ta cikin kwasa-kwasan da kika ɗauka ba ki kammala ba, kuma mai karɓar tallafin karatu na gwamnatin tarayya, irin Pell, yawanci ana so ya kammala kimanin kashi biyu cikin uku na abin da ya ɗauka. Wasu makarantun jinya suna ƙayyade sau nawa za a maimaita wannan kwas, wasunsu har W suna ƙirgawa. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuma dole ya riƙe kiredit 12 a zango. A ɗaya gefen, ko da yake yawanci C ake nema a takarda, inda masu nema suka fi gurabe makin wannan kwas na cikin abin da ake tantancewa da shi, don haka wani lokaci janyewa ta fi a lallaɓa a fita da C. Kafin ki sa hannu ki ga mutum uku: malamin kwas, mai ba da shawara na sashen jinya, da ofishin tallafin kuɗi. In kuma za ki sake, kada ki kai shi zangon bazara, inda ake cusa aikin mako goma sha biyar ko sha shida cikin kamar takwas.

Game da feɗewa, kowace kwaleji da nata. Da yawa a kashi na ɗaya ƙwaƙwalwar tunkiya da idon saniya ake yi, ɗan alade ko kyanwa su zo a kashi na biyu ko wajen tsokoki. Wasu kuma roba da kwamfuta kawai suke amfani da su. Ana sa safar hannu, kuma rukuni-rukuni ake yi, mutum uku ko huɗu a kan tire ɗaya, ɗaya na yanka, ɗaya na karanta umarni yana nuna wuri. Ki sami malamin a ofishinsa tun yanzu ki gaya masa uzurinki, kada ki bari sai ranar. Malamai da yawa za su bar ki ki zama mai karantawa ko su ba ki wani aikin a madadinsa. Ki dai tambaya ko za a soka allura a jikin dabbar ranar jarrabawa, don ki san ko sai kin koyi gane gaɓoɓin da ido. Hukuncin addini a kan taɓawa kuwa na malaman addini ne, su za ki tambaya. In kina da ciki ko asma, shi ma ki faɗa a wannan zaman, saboda tururin sinadarin da ake adana dabbobin a ciki yana damun ido da numfashi.