Amsa Kan Lamba 33,550,336

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarka game da al'adar masana lissafi ta tsayawa a kan lamba guda suna jera siffofinta, har ka kawo 33,550,336 kana neman dalilin da ya sa ake girmama ta.

Abin da suka gada tun zamanin Girkawa shi ne, idan an kawo musu lamba, ba girmanta suke fara dubawa ba, sai lambobin da suke raba ta ba tare da saura ba. Sukan tara waɗannan lambobi duka, ban da ita kanta, sannan su gwada jimillar da ita. Idan jimillar ta gaza, lambar mai tawaya ce. Idan ta zarce, mai rara ce. Idan kuwa suka zo daidai wa daida, ita ce kamila. Dubi 28: masu raba ta su ne 1, 2, 4, 7 da 14, kuma jimillarsu 28 ce cif. Girkawa kamilai huɗu kaɗai suka sani, wato 6, 28, 496 da 8,128, kuma taka ita ce ta biyar.

Idan ka warware ta, za ka tarar 4,096 ce sau 8,191. Ta farkon 2 ce aka jera sau 12 ana ninkawa, ta biyun kuwa ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, kuma ninkin 4,096 ce aka cire mata ɗaya. Yuklid, masanin lissafin Girkawa na dā, ya tabbatar cewa duk inda aka sami wannan haɗi kamila za ta fito, sannan a ƙarni na 18 Leonhard Euler ya tabbatar cewa kowace kamila mai rabuwa biyu daidai ta wannan hanya take zuwa. Masu raba taka 26 ne idan an haɗa da ita, kuma ita ce jimillar lambobi daga 1 zuwa 8,191.

A ganina, babbar darajarta ita ce yadda ta rushe zaton magabata. An daɗe ana ɗauka cewa kamila ta biyar gurbi biyar za ta ci, tunda na gabanta sun ci ɗaya, biyu, uku da huɗu a jere, sai ga ta da gurbi takwas. Ɗaya daga cikin dalilan wannan tsalle shi ne 2,047, wato ninkin 1,024 da aka cire wa ɗaya, wadda aka sa ran za ta haifar da kamila a tsakani, ashe 23 ce sau 89, don haka ba ta cika sharaɗin Yuklid ba. An kuma zaci ƙarshen kamilai zai riƙa karɓa-karɓa tsakanin 6 da 8, amma ta shida, 8,589,869,056, ta sake ƙarewa da 6 kamar taka.

Har yau ba a sami kamilar da ba ta rabuwa biyu daidai ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba. Ka zauna ka tara sauran masu raba taka 25 da hannunka, ka turo mini abin da ka samu. Allah ya yi maka albarka.